Hedifon mai rufaffen baya don ofis, wanne zan ɗauka?

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum jama'a. Ina aiki a wata sharikar shigo da kaya nan Jidda, mu shida ne a ɗaki ɗaya tebur na kallon tebur, dawam, wato lokacin aiki, daga 8 zuwa 5, aikina shigar da lambobi a kwamfuta, in ban sa wani abu a kunne ba barci ke ɗibata. Na ari na abokina irin mai raga-raga a baya ɗin nan, sauti kam ba a magana, amma ko minti goma ban yi ba Bamisiren da ke gefena ya taɓo ni wai kalangun nan har teburinsa yake zuwa. Kunya kamar in nutse. Shi ne nake son mai rufaffen baya, kuma mai waya, don laftof ɗin ofis an kulle mata Bluetooth. Kuɗina bai wuce riyal 600 ba, kuma ina sa tabarau. Tsakanin ATH-M40x da M50x da DT 770 Pro nake ta kai-kawo. Wanda ya riƙe su da hannunsa nake son ji.

Ɗan_Sabil:
Wa alaikumus salam. Sony WH-1000XM5 kawai, kalas. Kana sawa duniya ta yi tsit.

Abu_Hanan:
Ɗan uwa na ce 600, na kuma ce ba Bluetooth

Ɗan_Sabil:
Ai yana da waya a kwali. Ka ƙara kuɗi mana

Injiniya_Riyad:
Malam Abu Hanan kar ka biye masa. Wannan kashe ƙarar da suke talla da ita, ƙugin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da na jirgi take iya cinyewa saboda ƙara ce mai tafiya bai ɗaya, muryar mutum kuwa tana ratsowa. Kai kuma matsalarka ma ba shigowar ƙara ba ce, fitarta ce. DT 770 nake da shi shekara huɗu. Abin lura: kala uku ne, 32 da 80 da 250 ohm, iya girman lambar iya ƙarfin da yake buƙata. In ka kuskura ka ɗauko 250 ka soka a laftof za ka ji shi can ƙasa-ƙasa sai ka nemo amfilifaya. Ɗauki 80. Soson kunnensa yadi ne mai laushi ba leda ba, ba ya tara zufa sosai, ga danshin Jidda kuma ka san shi. Illarsa wayar ba ta cirewa kuma doguwa ce, mita uku, ni ƙafar kujera ta sha taka min ita, kuma ba ya naɗewa.

Ummu_Sultan:
Ni M40x nake sawa a wajen aiki a kan mayafi. Yana matse kai gsky, satin farko da tabarau sai da na ga shatin ƙarfen a gefen fuskata, sai na riƙa kwana da shi a kan kwalin tishu ya ɗan saki. Kuma in ƙafar tabaranka mai kauri ce tana ɗaga soson, iska ta shiga, nauyin gangar ya gudu. Gara ka je shago da tabaranka ka gwada. Ni 400 da wani abu na saya.

Ɗan_Sabil:
400 ina Hajiya? M50x ma 230 na gani

Injiniya_Riyad:
M50x a 230 sabo? A Amurka ma wajen dala 150 ne, ka buga sau 3.75, canjin dala zuwa riyal, ka gani, kafin a ɗora harajin kashi 15 da aka kai tun 2020. Ko na hannu ka gani a Haraj, shafin nan na sayar da kayan hannu, ko jabu.

Baba_Tanko:
Yauwa, kun zo wajen. Yaro saurara in ba ka labari. Bara kafin azumi na shiga wani shago a layin masu waya, ba zan faɗi sunansa ba Allah ya isa dai na riga na yi, yaron shagon ya fito min da kwalin hedifon a manne da leda har da hatimi mai ƙyalli, ya ce asali ne, 320 ya bar min 280 saboda wai ni baba ne. Na ce fatura fa, wato rasit, ya ce na'ura ta tsaya in dawo gobe. Na yarda, furfurata ba ta hana ni wauta ba. Kwana 19 kunnen hagu ya mutu. Na koma, yaron babu shi, wani na tarar ya juya abin a hannu ya ce wannan ba kayansu ba ne, ina fatura, ina daman, wato garanti. Na tsaya nan tun bayan la'asar har aka kira magariba ina magana ana yi min kamar ba a jin Larabcina, ni da na yi shekara 31 a garin nan. Da na kai wa mai gyara ya buɗe, wallahi a cikin ƙoƙon kunnen wani guntun ƙarfe aka manna da gam don ya yi nauyi a hannu, lasifikar kuwa ba ta fi kwabo ba. Ba kuɗin ne ya ƙona min rai ba, kallon da suka yi min ne.

Ummu_Sultan:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Baba. Da ka kai ƙara ma'aikatar kasuwanci ai.

Baba_Tanko:
Da wace takarda 'yata?

Mai_Shayi_Mansur:
Baba ƙarfen yana nan? A auna a sayar a rage asara hhhh

Baba_Tanko:
Za ka tsufa ka tarar

Abu_Hanan:
Allah ya kiyaye gaba Baba. To jama'a M50x fa, ba wanda ya ce komai a kansa

Sani_Studiyo:
Ni shekara takwas ina haɗa sauti kafin in zo Saudiyya. M50x ya fi M40x ƙarfin ganga, yana naɗewa, wayarsa na cirewa har guda uku ke zuwa a kwali. Amma in ni ne MDR-7506 zan ɗauka, tun 1991 ake yin sa har yau yana gidajen rediyo. Masu ba da shawara daga kallon YouTube su ɗan ja baya.

Injiniya_Riyad:
Wa kake nufi? Mutum zai zauna awa tara da abu a kai kana kawo masa na studiyo mai wayar nan mai lanƙwasa kamar ta tsohuwar tarho tana jan kai ƙasa. Haɗa waƙar biki daban, zaman ofis daban.

Sani_Studiyo:
DT 770 ɗin naka na masallaci ne? Shi ma ai na studiyo ne

Malam_Isuhu:
Ni dai nasiha, duk wanda za ka saya ka riƙa sassauta ɗaya kunnen kar a ta da iƙama kana can cikin kalangu. Da ma karatu ka sa ya fi maka.

Mai_Shayi_Mansur:
Malam ai har mudir, wato manaja, zai zo ya tsaya a kansa yana gyaɗa kai bai sani ba, iƙamar aljihu ma, takardar zaman ƙasa, ta shiga haɗari

Ummu_Sultan:
Ni shawarata ta gaskiya ko wanne ka saya ka bar shi a durowar ofis ka kulle. Na farkon da na saya ɗan yayata ya zo Umara ya sauka gidanmu, ranar tafiya na gan shi rataye a wuyansa a filin jirgi yana ce min Anti na gode. Ban ba shi ba wlh. Me zan ce a gaban uwarsa?

Baba_Tanko:
Wannan ciwon ya fi na shagon. Ni duk lokacin Umara sai an turo min jerin sautu ta WhatsApp, waya, turare, jallabiya, yanzu har da samma'a, wato hedifon, ba ko riyal ɗaya a haɗe. Sun ɗauka a Harami ake raba kuɗi.

Ɗan_Sabil:
Ni ƙanina hoton XM5 ɗina ya gani a sitatus, tun ranar kullum sai ya gaishe ni safe da yamma

Sani_Studiyo:
Kuma in ka aika sai a ce ba irin wanda aka ce ba ne. Na taɓa biyan kuɗin awon kaya fiye da kuɗin tsarabar kanta

Abu_Hanan:
Jama'a M40x ko DT 770 ɗin 80? Gobe Alhamis nake son shiga kantin Jarir in duba ko suna da su

Baba_Tanko:
Ka karɓi fatura. Kuma kar ka sa a sitatus.