Cire tamosta ne maganin tafasar ruwa a doguwar hanya?

Baban Ummi: Salam 'yan uwa, a bani shawara dan Allah. Tsohuwar motata ce kirar 1998, a cikin garin Bauchi ko goslon Wunti na shiga allurar zafin inji bata motsi, amma da na hau hanyar Jos na wuce gudu 100 sai ta fara hawa, kafin Magama Gumau ruwa ya tafasa yana amai ta robar gefe. Bakanike yace a cire tamosta (ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa har sai inji ya ɗau zafi sannan ya buɗe masa hanyar lagireto) a haɗa fanka dairek ta riƙa juyawa ba tsayawa. In yarda?

Oga Ɗanlami: Alhaji yarda kawai. Tamosta ai don ƙasar sanyi aka yi shi, mu nan da zafin watan Afrilu me zamu yi dashi, duk motar haya da ta shigo garejina fidda shi nake kuma ba wanda ya dawo da kuka.

Auwal Injiniya: Oga Ɗanlami da girmanka amma ban yarda ba. Fara da fankar, a gudu 100 iskar da ke shiga ta gaba ta ninka abin da fanka zata ja, aikinta a goslo ne kuma mai mota yace a goslo lafiya lau take, kaga fanka bata da laifi kenan. Shi kuma tamosta mai lafiya da ruwa ya kai wajen digiri 82 zuwa 88 ya buɗe, daga nan bai tare komai. A motoci da yawa ma shi ke toshe 'yar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji, in ka cire sai wani ruwan ya riƙa komawa inji ba tare da ya bi ta lagireto ba.

Malam Haruna Direba: To ni dai ina jigilar Gombe zuwa Bauchi, tawa ta taɓa yin haka wajen Alkaleri aka cire kuma ta daina.

Auwal Injiniya: Malam naka ya maƙale ne bai buɗewa duka, sabo zaka sa. Yanzu da safe injinka yana daɗewa bai ɗau zafi ba, yana shan mai fiye da kima.

Oga Ɗanlami: Sabon da ke kasuwa rabi jabu ne, ya maƙale a daji ya ƙona maka gasket wa zai biya?

Auwal Injiniya: Nan kam kana da gaskiya, amma ai gwaji ba wuya, jefa shi a tukunyar ruwa kan wuta kaga ko zai buɗe kafin ruwan ya tafasa. Ni zargina lagireto ne. Shekara da shekaru ana ɗura mata ruwan bohol, tsatsa da farin dattin nan suna toshe ƙananan bututun ciki, ragowar sun ishi yawon gari amma basa iya ɗauke zafin hawan Jos. Baban Ummi in inji yayi zafi ka kashe, ka cire makulli saboda fanka, ka kai hannu a hankali jikin lagireton, in wani gefe na ƙuna wani gefe sanyi to a toshe yake. Sai murfin lagireto, mutane na raina shi, in an rubuta 1.1 a kai yana riƙe ruwa har wajen digiri 120 bai tafasa ba, in robarsa ta mutu kuwa a 100 zai tafasa, a tudun Jos ma bai kai 100 ba. A duba tiyon ƙasa shima, in ya tsufa yana shanyewa idan aka taka totur, da famfon ruwan inji ko fukafukansa sun cinye.

Malam Haruna Direba: Kar a manta gasket fa. Da safe inji na sanyi buɗe murfi ka tada, in kumfa na tasowa ba tsayawa ko farin hayaƙi a salansa to magana ta koma kan tof, wato saman inji inda gasket yake. Kuma dan Allah kar wanda ya buɗe murfi da zafi, na ga yaron mota da ruwan ya sale wa hannu da ƙirji.

Baban Ummi: Yanzu na leƙa, ruwan ja ne wur kamar na kududdufi, robar murfin ma ta tsage. Kumfa dai babu.

Oga Ɗanlami: Kawo ta gobe a sauke lagireton a fasa a wanke, a sa sabon murfi da kulan, wato ruwan sanyaya inji. Tamostan zan dafa shi a gabanka, in bai buɗe ba fa ni bazan mayar ba.

Auwal Injiniya: In bai buɗe ba a sayo wani a dafa shi shima, kar dai a bar wurin ba komai.