Neman kalma: me za mu kira "voter apathy" da Hausa?

Mai Shirin Safe: Assalamu alaikum malamai. Gobe da ƙarfe bakwai zan gabatar da shiri kan zaɓen shugaban ƙasar Najeriya na 2023. Mutum miliyan 93 suka yi rajista, kimanin miliyan 25 kacal suka jefa ƙuri'a. Da Turanci ana ce wa wannan voter apathy. Mu fa?

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. Halin ko-in-kula na masu zaɓe.

Ɗan Rahoto: Ƙaurace wa zaɓe.

Malamar Hausa: A'a, ƙanina. Ƙauracewa da gangan ake yin ta, kamar jam'iyya ta ce wa magoya bayanta su zauna a gida.

Tsohon Edita: Ƙiwuyar zaɓe. Gajera ce, tamu ce tsantsa. Shekara da shekaru nake kawo ta, ba mai ɗauka.

Mai Shirin Safe: Baba, ƙiwuya ai zargi ce. Na ga wata tsohuwa a layi tun hantsi, na'urar BVAS ta ƙi karanta yatsanta, sai da aka gwada fuskarta sau uku tana tsaye cikin rana. Daga baya ta ji sakamakon shugaban ƙasa bai hau shafin IReV, inda hukumar zaɓe ke wallafa sakamako, a kan lokaci ba. In ta ƙi fitowa nan gaba, malalaciya za a kira ta?

Malamar Hausa: To wannan yanke ƙauna ne, ba ko-in-kula ba. A 2015 da aka kawo na'urar karanta kati, kusan kashi 44 cikin 100 suka fito, a 2019 kashi 35, a 2023 kashi 27. Na'ura na ƙaruwa, mutane na raguwa.

Tsohon Edita: Kun gani? BVAS, IReV! Kuna neman Hausa da bakin Turawa. Na'urar tantance masu zaɓe ta yi muku nauyi?

Ɗan Rahoto: Ranka ya daɗe, ita kanta ƙuri'a daga Larabci muka aro ta.

Tsohon Edita: Wannan ta zauna tun kaka da kakanni. Ku kuwa kunyar harshenku kuke ji.

Mai Shirin Safe: Dare na yi, malamai. Sanyin gwiwar masu zaɓe fa? Ta ɗauki wanda bai damu ba, ta ɗauki wanda ya sare.

Malamar Hausa: Ta fi karkata ga wanda ya sare, amma za ta yi a rediyo.

Tsohon Edita: Yi da ita gobe. Ni dai a rubutuna ƙiwuyar zaɓe zan ci gaba da sawa.