Wai wiwin da aka noma a ruwa ba ya taɓa ƙwaƙwalwa?

Alhaji Sabo: Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Wani yaro ya zo yana son kama ɗakuna biyu na baya a gidana na Rijiyar Zaki, wai noma zai yi a ciki, irin wanda ba a sa ƙasa, sai ruwa da bututu da fitilu. Ya ce latas ne da tumatir. Kuɗin shekara biyu zai biya a dunƙule, ko ragi bai nema ba. To rashin neman ragin nan ne ya tsaya min a rai. Babban ɗana kuma ya ce in yi hattara, wai da haka ake noman wiwi a Turai.

Nura: Wa alaikumus salam Alhaji. Ba na cewa ka ba shi, amma a daina tsorata mutane. Shekara huɗu na yi a Kanada. Tun ranar 17 ga Oktoba 2018 suka halatta, a yawancin larduna gida ɗaya zai iya shuka tushe huɗu. Wanda ake nomawa a ɗaki cikin ruwa tsaftatacce ne, ba ƙura, ba gauraye. Abin da ke haukata yaranmu na dajin Ondo da Edo ne da ake cakuɗawa da tarkace. Na ruwa ba ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Barista Aisha: Yaya Nura, ba a ƙasa yake shukawa ba, na ji, amma ai a ƙasar Najeriya yake. Doka ba ta tambayi tukunya ce ko bokiti ba. Tun dokar soja ta 1966 noman wiwi babban laifi ne, a lokacin ma hukuncinsa kisa ne ko ɗaurin shekara 21. Sannan aka kafa NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a 1989, kuma dokarta ba ta tsaya kan mai shuka ba. Wanda ke kula da gida ya bari da saninsa ana ajiyewa ko sarrafawa a ciki, shi ma ya shiga, kuma kotu na iya ƙwace gidan. Alhaji, wannan ɓangaren naka ne.

Alhaji Sabo: Inna lillahi. Gidan da na yi shekara tara ina ginawa.

Nura: Barista, ni ba maganar doka na yi ba, maganar lafiya na yi. Doka ai mutum ne ya rubuta.

Dakta Kabiru: To mu zo kan lafiyar, Nura, don a nan ne ka kife maganar. Ka haɗa tsafta da rashin illa, kuma ba abu ɗaya ba ne. Fiya-fiya ma ana iya zuba ta a kwalba mai tsafta.

Abin da ke bugarwa a cikin ganyen sunansa THC. Duk wahalar da masu noman ɗaki suke sha, ba don su fitar da ƙura ba ne, don su ƙara masa ƙarfi ne, shi ya sa yake da tsada. A Amurka, wanda hukuma ta riƙa kamawa a 1995 THC ɗinsa wajen kashi 4 cikin 100 ne, zuwa 2014 ya kai kusan 12. An yi wani babban bincike a biranen Turai irin su Landan da Amstadam da Faris, ya fito a 2019. Mai sha kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin taɓin hankali. In mai ƙarfin yake sha kullum, wato daga kashi 10 zuwa sama, kusan sau biyar. Ka ga wanda kake wankewa shi ne ya fi zafi.

Gaskiyarka a wuri ɗaya: abin da yara ke kira kolos sau da yawa ganye ne aka fesa wa sinadarin haɗi, kuma yana yin mummunar ɓarna. Amma munin wancan bai mayar da wannan zuma ba.

Nura: Likita, na san mutane da yawa a can, injiniyoyi ne, suna sha suna zuwa aiki lafiya lau.

Dakta Kabiru: Ni ma na san tsohon da ya yi shekara hamsin yana busa sigari bai yi tari ba. Ba kowa yake kamawa ba. Matsalar ba ka san wa zai kama ba sai ta faru. Wanda ya fara da ƙuruciya, da wanda akwai ciwon a danginsu, su ne a bakin rami.

Maman Hanif: Ɗan yayata ne. Yana aji biyu a jami'a. Ba a kango ya koya ba, 'ya'yan masu kuɗi ne suka ce masa wannan na waje ne, mai tsafta, ba irin na 'yan daba ba. Kalmar da ka faɗa ke nan, Nura, ita suka faɗa masa. Sau biyu muna kwana da shi a asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Yanzu da sauƙi, amma karatu ya tsaya. Ni iyakar abin da zan ce ke nan.

Nura: Allah ya ba shi lafiya, Anti. Wallahi ban faɗa don in sosa miki rai ba.

Malam Auwal: Amin. Ni kuma abin da na sani gajere ne. Manzon Allah (SAW) ya ce duk abin da ke sa maye haramun ne, kuma abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗansa ma haramun ne. Ba a ce sai wanda ya tsiro a ƙasa ba.

Nura: Allah gafarta Malam, to magani fa? Majalisar Ɗinkin Duniya da kanta a Disambar 2020 ta cire shi daga rukunin ƙwayoyi mafi haɗari marasa amfanin asibiti. Amurka ta amince da maganin farfaɗiya da aka tato daga cikinsa a 2018. Lesoto ta fara ba da lasisi a 2017, Maroko ta yi doka a 2021, Ghana ma ta buɗe ƙofa. Marigayi Akeredolu har Tailan ya je yana gwamnan Ondo don ya ga yadda suke yi. Mu muna ƙona gonaki, wasu suna karɓar dala.

Malam Auwal: Magani da likita ya rubuta bisa lalura hukuncinsa daban. Ɗakin bayan Alhaji Sabo asibiti ne?

Dakta Kabiru: Maganin farfaɗiyar nan gaskiya ne, sunansa Epidiolex. Amma CBD ne, ɓangaren da ba ya bugarwa, an tace an auna. Mofin ma, maganin kashe zafin ciwo, daga tsiro yake, muna ba marasa lafiya, ba mu ce kowa ya shuka a tsakar gida ba.

Barista Aisha: Kuma duk ƙasashen Afirkan da ka lissafa da lasisi ne, na magani da masana'antu. Na Ghana ma an ƙayyade THC kada ya wuce 0.3 cikin 100. Tailan ɗin da ta saki a 2022, a 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita. A nan an kai ƙudurori majalisar wakilai, ba wanda ya zama doka. In kana son a canza, hanyar Abuja ce, ba Rijiyar Zaki ba.

Nura: A kan lasisin zan tsaya. Wani bincike kan shan ƙwaya na 2018 ya ce mutum miliyan 10.6 ke shan wiwi a Najeriya, duk da haramcin. Kano kashi 16 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 ke ta'ammali da ƙwaya. Haramcin me ya hana?

Maman Hanif: To a haka ma da ake ɓoyewa ke nan.

Injiniya Bashir: Ku bar ni in yi lissafin 'yan kasuwa. Rana a Kano kyauta ce, har ta yi yawa. Mutum ya bar ta ya shiga ɗaki ya rufe, ya kunna fitilu, ga zafin watan Afrilu sai ya sa na'urar sanyaya ɗaki, ga kuɗin wuta na rukunin A da ya haura naira 200 kowane yunit tun 2024, in an ɗauke kuma janareto. Duk don ya fitar da latas ɗin da zai yi gogayya da na 'Yankaba? Tumatir ɗin Kadawa da Kwanar Gafan a kwando ake auna shi. Wane tumatir ne zai biya wannan kuɗin?

Zainab: Don Allah kada ku shafa mana kashin kaji. Ni wannan noman nake yi shekara uku, a tsakar gida a Hotoro, ƙarƙashin rumfar raga. Latas, kokwamba, na'a-na'a, da ciyawar tumaki da nake tsirarwa a faranti. Otal biyu nake kai wa. Ruwa kaɗan yake ci don zagayawa yake yi, kuma duk wanda ke sayen ruwa a wajen 'yan garuwa ya san darajar haka. Amma tun da maganar wiwi ta shigo, har maƙwabciyata ta turo yaro ya leƙa ta katanga. Bututu ba laifi ba ne.

Sai dai gaskiya, Injiniya bai yi ƙarya ba. Ni da rana nake noma. Rufaffen ɗaki da fitilu a Kano, ni ma zan yi tambaya. Yana yiwuwa rainon iri zai yi ko gwaji, akwai masu yi. Alhaji, ka tambaye shi wane irin tumatir ne, a ina ya sayi irin, wa zai sayar wa. Mai yi da gaske sai ka gaji da jin bayani.

Barista Aisha: Kuma a rubuta a yarjejeniya abin da zai shuka, da cewa mai gida zai shiga ya duba duk wata. Zan tura maka rubutun da daddare.

Nura: Na janye kalmar "ba ya taɓa ƙwaƙwalwa", Likita ya fi ni sani. Ta lasisi ce ban janye ba.

Alhaji Sabo: Yanzu muka gama waya da yaron. Na ce masa zan zo da wata 'yata mai irin sana'arsa ya yi mata bayani, kuma zan riƙa shiga duk wata. Ya ɗan yi shiru, ya ce ba damuwa, amma zai yi shawara da abokin haɗin gwiwarsa. Na sa masa Asabar bayan la'asar. Zainab ki shirya. Nura kai ma ka zo, tunda kai ka san kamannin ganyen.