Afendis na ciki da na ƙarshen littafi, mene ne haɗinsu?

Ɗan Gwale:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na kai wa malamina babi na biyar na furojet ɗina, ya ja jan biro a kan takardar tambayoyin da na raba wa mutane, ya rubuta a gefe: a kai wannan appendix. Ni kuwa tun da aka yi wa ƙanena aikin afendis bara, in na ji kalmar, gadon asibiti da ledar ruwa nake tunowa. Kalma ɗaya ce, ko kunnena ne ya haɗa su?

Malam na Tsangaya:
Wa alaikumus salam. Ɗaya ce, ɗana. Asalinta Latin ne, appendere, gaɓa biyu aka haɗa: ad, wato zuwa ga, da pendere, wato rataya. Ka ga ke nan abin da aka rataya a jikin wani abu babba. Daga nan Turanci ya samu append, ka ƙara wani abu a ƙarshe, da appendix, abin da aka ƙara ɗin. Tun ƙarni na 16 suke faɗin ta ga ƙarin da ake liƙa wa littafi, likitoci daga baya suka are ta. Kuma duba kundayen da ake rubutawa da Hausa a jami'o'inmu, Rataye na Ɗaya, Rataye na Biyu za ka gani a baya. Wanda ya zaɓo mana wannan kalma ya san abin da yake yi.

Nas Hadiza:
Malam ya gama magana, sai dai in ƙara na ɓangarenmu. Ɗan siririn abu ne kamar ƙaramin yatsa, yana reto a farkon babban hanji, ƙasan ciki ta dama. Cikakken sunansa ma yana nufin rataye mai siffar tsutsa. Ciwon kumburinsa kuwa appendicitis ne, sunan da wani likitan Amurka, Reginald Fitz, ya sa masa a 1886. Mu ne muka gutsure, kowa ya ce "afendis gare shi". To ai kowa yana da shi, sai wanda aka cire wa!

Baba Mai Fansho:
Ni abin da ya ba ni dariya, jikana ya ce min fansho ma daga gidan ta fito, don mutanen Rum rataya kuɗi suke a sikeli su auna kafin su biya. Haka pending da suke buga wa fayil. Nawa wata goma sha ɗaya yana rataye.

Ɗan Gwale:
Allah ya sauko da shi lafiya, Baba. Malam na gode, Anti na gode. Saura tambaya ɗaya: nawa guda uku ne, appendixes zan rubuta ko appendices?

Malam na Tsangaya:
Duka biyun suna cikin ƙamus, amma a littafi na biyun aka fi sabawa da shi. Rubuta shi, kada jan biron nan ya sake hawa kanka.