Wa ya taɓa harhaɗa SuperTuxKart da hannunsa?

Daga Yalwa, Bauchi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan ina fama da SuperTuxKart, wasan tseren motocin nan na kyauta. So nake in harhaɗa shi da kaina daga lambobinsa na tushe a kan Ubuntu, ƙannena su samu abin yi a hutu, ni kuma in ga yadda cikin abin yake. Na sauko da stk-code, wato lambobin wasan, daga GitHub, amma ina buga cmake, umarnin da ke shirya harhaɗawar, sai ya tsaya, wai bai ga stk-assets ba. Wanda ya taɓa bin wannan hanya ya taimaka mana da labari.

Daga Tudun Wada, Gombe:
Wa alaikumus salam. Malam, rabin kayan ka ɗauko. Motoci da hanyoyin tsere da kiɗa duk suna cikin stk-assets, shi kuma yana SourceForge, da manhajar svn ake jawo shi, ba da git da ake jawo kayan GitHub ba. Ka ajiye jakunkunan biyu kusa da juna. Amma ka shirya, yana shan data sosai. Ni sai da na jira datar dare, daga sha biyu har kiran sallar farko.

Daga Gwallameji, Bauchi:
Ni wahalata ba data ba ce, RAM ne. Laftof ɗina giga 4 gare shi, na ga ana rubuta make -j4 don fara harhaɗawar, ni ma na kwafa. Can wajen rabi linzamin ya daskare, fanka na ta ihu, sai ga saƙo an kashe cc1plus, manhajar da ke harhaɗa lambobin. Na kwana biyu ina zaton lambobin ne suka lalace, har na goge na sake saukewa, asarar da har yau take min ciwo. Ashe ayyuka huɗu na ɗora wa injin lokaci guda, ya kasa ɗauka. Na koma -j1, na ƙara swap, wato wurin da ake warewa a diski don ya taimaki RAM, na ɗora laftof ɗin kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙarƙashi, don watan Afrilu ne, kun san zafin. Ya ɗau lokaci, amma ya kai.

Daga Pantami, Gombe:
Nawa OpenTTD ne, na jiragen ƙasa. Ana tsaka da aiki aka ɗauke wuta, batirina kuwa ba ya riƙe minti goma. Wallahi kamar in yi kuka. Da aka kawo wuta na sake buga make, sai ya ci gaba daga inda ya tsaya, don abin da ya riga ya harhaɗa yana nan a ajiye. Kada kowa ya goge jakar build don an ɗauke wuta.

Daga Wunti, Bauchi:
Gaskiyarki 'yar'uwa. Ɗan Yalwa, ka lura da wani abu kuma: samun SDL2, ɗaya daga cikin manhajojin da wasan ke dogara da su, a kwamfuta bai isa ba, sai ka saka libsdl2-dev. Duk abin da cmake ya ce bai gani ba, nemi mai -dev a ƙarshen sunansa. Ina da stk-assets a filas, in ka shigo kasuwa gobe bayan La'asar ka kwafa.

Daga Yalwa, Bauchi:
Allah ya saka da alheri, yaya. Na kwafa, -dev guda biyu ne suka rage min, na saka, da -j2 na bi. Ɗazu bayan Isha'i ya buɗe. Autanmu ya zaɓi Tux, tsuntsun nan alamar Linux, tun ɗazu yake faɗawa ruwa a kwanar hanya guda, ya kuma hana kowa karɓa.