Musayar Waƙa: Ɓaure da Mai Lambu

Baban Lambu, Wusasa:
Salama a gare ku, 'yan'uwa. Jiya Fasto ya yi wa'azi a kan Luka 13, ɓauren nan da ya ƙi 'ya'ya. Ga nawa, mai so ya ɗora. Amsa-amo "wa".

Shekara uku ɓaure na tsaye,
Ba ɗa guda, sai yawan inuwa.
Mai gona ya ce a kawo gatari,
Mai lambu ya hana sarewa.
Bari in tona in zuba taki,
Baɗi ka zo ka ga canzawa.
Ni ne ɓauren, Yesu mai lambu,
Shi ya roƙar mini jinkirtawa.

Mama Saratu, Kafanchan:
Baba ka iya zancen taki,
Komin albasarka na bushewa.
Ƙiri-ƙiri ta cinye alayyafo,
Kana kan waya kana rerawa.
Wanda ya ce Uba manomi ne,
Ya ce reshe sai da datsewa.

Baban Lambu:
Saratu 'yar Zumuntar Mata,
Bakinki ya fi tukunya amsawa.
Ciyawar da kika hango a komina,
Na bar ta ne sai ran girbewa.
Kar garin tuge ciyawa da hanzari,
Alkama ta bi ta a tugewa.

Ɗan Zonkwa:
Kai! Baba ya ruga ya ɓuya bayan Matiyu 13. Wannan ai lalaci ne aka ɗinka wa rigar aya. Mama ta ci, mu 'yan kudu mun shaida.

Malam Bitrus, Jos:
Baba, da girmamawa, ɗangonka na biyar a amsarka ga Mama ya yi ƙiba. Gaɓa 12 na ƙirga, na farko kuwa 9. Kuma "wa" amsa-amon masu neman sauƙi ne, aikatau da yawa kana iya liƙa musu.

Baban Lambu:
Malam, ni ba da aruli, ma'aunin waƙar malamai, na auna ba. Da karin waƙar coci na yi, rera ka ji.

Malam Bitrus:
Na rera. Ko 'yan kwaya sai sun shaƙe kafin su kai "hanzari".

Ɗan Zonkwa:
To Malam, alƙalanci ya isa haka. Fito da naka.

Malam Bitrus:
Bulus ya dasa, Afolos ya ba ruwa,
Allah kaɗai ke rayarwa.

Mama Saratu:
Malam ƙirga naka da yatsa,
Sha biyu ne, babu ragewa!
Gungumen na cikin idonka,
Ɗan hakin Baba kake cirewa.

Ɗan Zonkwa:
Wayyo cikina! Mama biyu, maza sifiri.

Ɗan'uwa daga Maradi:
Ku gafarce ni, rezo, wato sabis ɗin waya, ya hana ni shigowa tun jiya. Na tarar kun bar lambu kun koma lissafi. Mu nan mun ga wannan wa'azi da ido. Tony Rinaudo, ɗan mishan na ƙungiyar SIM daga Ostareliya, ya yi ta dashen itatuwa a ƙasar Maradi suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne na tsofaffin kututture, saiwarsu tana raye a ƙasa. Sai aka koma barin toho kaɗan masu ƙarfi, a yanke sauran, a tsare su daga awaki da wuta. Gonakin da suka zama fili fetal yau suna da itatuwa. Ku duba Ayuba 14:7-9.

Kun tsaya ƙirgar gaɓa da yatsa,
Mu a Maradi mun ga farfaɗowa.
Kututturen da aka sare tuni,
Saiwarsa a ƙasa ba ta mutuwa.
Ka zaɓi toho biyu ko uku,
Sauran ka bi su da yankewa.
Ayuba ya ce da ƙanshin ruwa
Sararren itace na tsirowa.
Kai da ka bar coci ka yi nisa,
Saiwarka na nan, tana jiran kiwo.

Mama Saratu:
Amin, ɗana. Baba ka ji dai, har a Maradi sai da wuƙa. Ɗauki fartanya.

Baban Lambu:
Na ji, amma ki lura bai ce a tumɓuke ba. Amsarki tana nan tafe, bari in gama banruwa.

Malam Bitrus:
Na Maradi, baitocinka huɗu sun zauna daram, na biyar ya ɓalle daga "wa" ya faɗa "wo". Baba kuma har yanzu ina jiran gyaran ɗangon nan.