Abin da masu fatsa suka ɗauka daga Jimmy Carter

A hirar masu fatsa bayan rasuwar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter a Disambar 2024, an fi tuna shi a bakin rafin Spruce Creek na Pennsylvania, yana wurga ƙugiya mai gashin tsuntsu da kifi ke ɗauka ƙwaro ne. Shawarar da ta fi yawa ita ce a danne ƙayar ƙugiya, a jiƙa hannu kafin taɓa kifi, a sake shi nan take. Wasu suka ce, kuma da gaskiyarsu, kare kogin ya fi komai: Carter ya hana gina madatsa a kogin Flint yana gwamnan Jojiya, a 1980 kuma, yana shugaban ƙasa, ya sa hannu kan dokar killace fiye da eka miliyan 100 a Alaska.